Yadda ake kwasar kifin salmon a bakin kogin Kenai a dura shi a kwalba ya kai mutum ƙarshen hunturu

Duk wanda ya yi shekara guda a jihar Alaska ta Amurka ya san watan Yuli ba watan ziyara bane. Ka kira wannan a waya yace maka yana Kenai, ka kira wancan yace yana hanya, wajen aiki ma sai kaga rabin mutane sun ɗau hutu, dan kifi ya shigo kogi kuma shi baya jiran kowa. Sati uku ne kacal, daga 10 zuwa 31 ga wata, abinda ka samu a cikinsu shi iyali zasu ci har wata shekarar ta zagayo. Mu da muka taso muka ga rumbu a tsakar gida abin bai zo mana baƙo ba, su dai nasu rumbun kwalba ce da firiza, kakarsu kuma kifi.

Zan bi abin daki daki tun daga takarda har ranar da zaka buɗe kwalbar, amma bari in faɗi magana ɗaya tun yanzu dan kar ta ɓace a tsakiya. Kamun nan da kowa ke ɗauka a hoto yana sawa a Facebook shine sauƙin, in ka yi kuskure a bakin ruwa iyakaci ka dawo da kula wayam a yi maka dariya. Kuskuren kwalba kuwa asibiti ne, wani lokacin ma ba a kaiwa asibitin.

Wani zai ce to me ya yi zafi, ba ga shago ba? Akwai shago, amma kusan komai daga nesa ake kawo shi, ta jirgin ruwa daga wajen birnin Siyatil ko ta jirgin sama, kuma ƙauyuka da yawa ko titin mota bai kai musu ba, dan haka abinci tsada ne da shi. Ga hunturu doguwa, a Ankorej, birni mafi girma a jihar, cikin Disamba rana awa biyar da rabi take yi ta faɗi, kana fita aiki da duhu kana dawowa da duhu. Sannan firiza tana da nata halin, iska ta kada bishiya kan waya a ɗauke wuta, ko ita kanta ta mutu a gareji kana can baka sani ba sai wari ya sanar da kai. Kwalbar da aka yi daidai babu ruwanta da wuta, tana kan kanta tana jiranka.

Kifin da ake nema

Salmon kala biyar ne a ruwan Alaska. Akwai sarki wanda shine babbansu, akwai ja da suke kira sokayi, akwai mai launin azurfa da ke zuwa daga baya wajen Agusta, akwai mai doro, ɗan ƙarami mai araha, sai wanda suke ce wa na kare dan shi ake busarwa karnukan jan keken ƙanƙara. Dukkansu a kogi ake ƙyanƙyashe su, su gangara teku su yi shekaru suna ƙiba, sannan su dawo ainihin kogin da aka haife su su zuba ƙwai su mutu. Kai a bakin kogin zaka tare su, lokacin da suka baro teku da ƙibarsu, dan da zarar sun shiga ruwan daɗi sun daina ci, jikinsu ya fara sauya kala, naman ya fara laushi. Wanda muke nema shine jan, mai nauyin kilo biyu zuwa uku, namansa jawur kamar an zuba masa manja, shi yafi zama a kwalba. Sarki kuma a shekarun nan ya yi ƙaranci sosai, in ya faɗo maka a Kenai maida shi ruwa ake yi nan take, kar ma ka ce zaka ja shi kan yashi ayi hoto.

Takardu tukuna

Wannan kamun na 'yan jiha ne kawai, wato wanda ya yi wata goma sha biyu cur a Alaska da niyyar zama. In baƙo ya zo maka daga Legas ko daga wata jihar Amurka, nasa kallo ne da riƙe maka flas ɗin shayi, ko sandar ragar ba a yarda ya kama ba. Abu biyu zaka nema a shafin hukumar kifi da namun daji ta jihar: lasin kamun kifi na ɗan jiha, da famit na kamun amfanin gida na yankin Kuk Inlet ta sama, wato mashigin tekun da kogin Kenai ke zubawa cikinsa, shi famit ɗin ɗaya ne ga gida guda. Ƙa'ida ita ce kifi 25 ga maigida, a ƙara 10 kan kowane mutum da ke gidan, kaga mai mata da 'ya'ya biyu yana da 55 kenan a shekara. Kuma na ci ne, doka ta hana sayarwa. A Kenai ana buɗewa ƙarfe 6 na safe a rufe 11 na dare, in kuma kana son wanda ba a rufewa akwai kogin Kasilof ɗan gaba kaɗan, shi daga 25 ga Yuni zuwa 7 ga Agusta ne dare da rana, sai dai kifinsa ya ɗan fi ƙanana. Bayan an gama dole ka shiga intanet ka bada rahoton abinda ka kama kafin 15 ga Agusta, ko da ko ɗaya baka kama ba, ko ma baka je ba, in ka share baɗi babu famit.

Sannan ka riƙa leƙa shafin hukumar kafin ka tada mota, dan suna da na'ura a cikin kogin wajen mil 19 daga baki da ke ƙirga kifin da ya wuce kullum, kuma suna iya sauya lokaci ko su rufe in kifi bai zo yadda ake so ba. Galibi daga tsakiyar wata zuwa wajen 25 ne abin yake kankama.

Kayan da zaka ɗora a mota

Ragar ita ce uwa uba. Wanda ya taɓa kallon masu su a Argungu da homa zai gane fasalin, sai dai wannan ƙaton zobe ne na alminiyam da doguwar sanda, faɗin bakinsa doka bata yarda ya wuce ƙafa biyar ba, idon ragar kuma kar ya wuce inci huɗu da rabi. A saman mota ake ɗaure ta, cikin Yuli duk motar da ka gani a hanya da wannan zoben a ka kasan inda ta nufa. Sai wandon roba mai haɗe da takalmi da ke zuwa har ƙirji, da bel da zaka ɗaure shi tamau a ƙugu, da rigar ceto. Kar ka raina bel ɗin nan, in igiyar ruwa ta kada ka wandon ya cika da ruwa tashi wuya yake, kuma ruwan daga dusar ƙanƙarar duwatsu ya narko, ko a tsakiyar bazararsu sanyinsa har ƙashi. A ciki ka sa kayan ulu, auduga in ta jiƙe sai ta zame maka masifa. Sai kula manya guda biyu ko uku, ƙanƙara fiye da yadda kake zato, ɗan kulki, almakashi mai ƙarfi, wuƙa mai kaifi da abin wasa ta, igiyar da zaka zarga kifi, safar hannu, da biro na cike famit. Ƙanƙarar ka saya tun daga Ankorej, dan ranar da kifi ya zo shagunan Soldotna da Kenai ƙarewa take.

Tafiyar wajen mil 160 ce daga Ankorej, awa uku in hanya ta yi kyau, ka bi titin Suwad ta gefen ruwan Tanagen sannan ka karya titin Stalin (Sterling). Gefen Tanagen ɗin nan in ruwa ya janye zaka ga fili shimfiɗe kamar ka sauka ka taka, kar ka kuskura, laka ce mai riƙe ƙafa kuma ta ci rayuka. A Kenai akwai gaɓar arewa da ta kudu, hukumar garin na karɓar kuɗin fakin da na kafa tanti, ta kudu sai mota mai jan ƙafa huɗu in zaka hau yashi. Motarka da tantinka ka ajiye su can sama da inda ruwa ke kaiwa, dan cikar teku a Kuk Inlet tana cikin mafi girma a duniya, wajen da ka bari busasshe da hantsi kafin azahar ya zama kogi. Ka sauke jadawalin cika da janyewar ruwa a waya. Ni nafi samun sa'a awa biyu kafin ya cika da awa biyu bayan ya fara komawa, wasu kuma sun rantse da lokacin janyewa, kowa da malaminsa.

Cikin ruwa

Ba wata dabara mai zurfi. Zaka tarar da mutane jere kafaɗa da kafaɗa, ka nemi gurbi ka ce musu sannu ka shiga, ka taka har ruwa ya kawo maka ciki ko ƙirji, ka tura ragar gaba a tsaye gindinta na taɓa ƙasa, ruwan na buɗe aljihunta, shikenan sai jira. Wani lokacin awa biyu ba ko motsi, haƙoranka na kaɗawa, kana tambayar kanka wai me ya rabo ni da Zariya. Can sai ka ji dum a sandar kamar an buga ƙofa. Nan take ka murɗa sandar ragar ta kwanta bakinta ya kalli sama, ka juya ka ja ta da baya baya zuwa gaɓa, kar ka ce zaka ɗaga ta sama, nauyin ruwa zai karya maka sanda ko ƙugu. In garken ya iso kuwa layin gaba ɗaya rikicewa yake, kowa na gudu da raga, bibbiyu uku uku suke faɗowa.

Abinda zaka yi a minti biyar na farko shi ke raba kifi mai daɗi da mai ƙarni. Ka buga masa kulki sau ɗaya tsakanin idanu, ka sa yatsa ko almakashi ka tsinke jajayen nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da su, ka zarga shi a igiya ka bar shi cikin ruwa jinin ya tsiyaye. Kifi dai baya buƙatar yanka, wannan dan ɗanɗano ne da daɗewa. Sai ka datse kan wutsiyar duka biyu, sama da ƙasa, da almakashi, wannan doka ce, alamar cewa na gida ne ba na kasuwa ba, kuma sai ka yi ta kafin kifin ya shiga kula. Kafin ka bar wajen ka rubuta adadin a famit. Jami'ai na zagayawa kuma basa jin yi haƙuri na manta.

Cikin awa biyu ka farke cikin ka fidda kayan ciki, ka kankare jinin da ke kwance jikin ƙashin baya da cokali, ka cusa ƙanƙara a cikin, ka jera a kula ƙanƙara ƙasa ƙanƙara sama, ka buɗe 'yar magudanar kulan ruwan da ya narke ya riƙa fita. Yashi ne abokin gaba, in ya shiga naman bazai fita ba, shi yasa ni bana tsage kifi a gaɓa, sai na dawo gida kan tebur. Ƙwan kar ka zubar, ana gyara shi da gishiri. Ragowar tarkacen kuma a jefa cikin ruwa mai gudu, in ma a gida ka gyara to ka daskarar da shi a leda sai ranar kwasar shara, dan beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai haɗari, har cikin unguwannin Ankorej take shigowa in ta ji ƙarni.

Yanzu ga lissafin da ba wanda ya yi min shekarar farko. Kifi ɗaya na bada kwalba uku ta rabin lita, wani lokacin huɗu. Kifi 55 kenan ya haura kwalba 160. Babbar tukunyar matsi da ake dafa kwalaben a ciki na ɗaukar 16 zuwa 20 in ka yi hawa biyu, kuma kowane zubi tun daga ɗorawa har hucewa yana cin kusan awa huɗu. Kaga zubi tara ko goma kenan, kwana uku ko huɗu kana tsaye a kicin bayan ka kwana biyu a ruwa. Ni a shekarar zumuɗi ya ɗebe ni na cike ƙa'idata tas, na dawo gida biyun dare da kula uku, washegari bayana ya riƙe, kafin in kai kula ta ukun ƙanƙara ta narke, sai rabawa maƙwabta na yi cikin gaggawa wasu ma ban iya ceto su ba, har yau abin na min ciwo. Dan an ce kana da 55 ba dole sai ka kwashe 55 rana ɗaya ba. Ka ɗebi wanda hannunka zai iya gamawa cikin kwana biyu, sauran ka tsage ka sa a ledar da ake zuƙe wa iska ka jefa firiza, daga baya a hankali ka narkar da shi cikin firij ka dura.

Me yasa sai tukunyar matsi

Nan ne nake son a nutsu. Akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa da laka da hanjin kifi, ita ke kawo gubar botulizim. Tana da wani irin ƙwai mai taurin kai da tafasa bata kashe shi, dan ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya iyakarsa digiri 100 ko da zaka kwana kana iza wuta. Abinda take so kuma shine waje mai danshi, mara iska, mara tsami, wato ainihin cikin kwalbar kifi a rufe. A nan take farfaɗowa ta zuba guba, kuma sau da yawa ba wari ba kumfa ba sauyin kala, mutum ya ci, bayan wasu awanni ko kwanaki ya fara ganin abu biyu biyu, fatar ido ta faɗo, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Alaska na cikin jihohin da suka fi fama da ita a Amurka. Abinda ke kashe ƙwan nan shine zafin digiri 116, shi kuma ba a samunsa sai an kulle tururi ya matsu. Dan haka tukunyar dura kwalba ta gaske zaka nema, irin su Presto ko All American, mai agogon auna matsi a marfi ko mai ɗan ƙarfen nauyi da ke rawa. Ƙaramar tukunyar matsi ta dafa wake da ganda bata yi, ta lantarkin nan mai maɓallai bata yi, oben baya yi. In wani yace maka kakarsa a ruwan zafi take yi kuma ba wanda ya mutu, ka ce masa Allah ya tsare ta ne. Wannan maganar ta shafi har wanda ke gida yake tunanin gwadawa da tarwaɗa ko karfasa, in babu tukunyar to banda da shanya sun fi masa lafiya nesa ba kusa ba.

In tukunyar mai agogo ce a kai a gwada agogon duk shekara, ofisoshin wayar da kai na Jami'ar Alaska ta Feyabanks suna yi, kuma lokutan da zan faɗa a ƙasa irin wanda su da ma'aikatar noma ta Amurka suke koyarwa ne. Ka duba robar marfin bata tsage ba, ka ɗaga marfin ka leƙa 'yar bututun tururi ka ga haske na wucewa.

Durawa

Kwalaben su zama na wannan aikin, masu kauri, 'yan rabin lita ko rabinsu, masu faɗin baki a miƙe dan kifin ya fito salin alin. Kwalbar mayonis ko ta jam kar ta shigo layi. Ka wanke da ruwan zafi da sabulu, ka shafa yatsa a bakin kowacce, mai ɗan ɓalli ko tsaga a cire ta. Marfin fale falen nan sabo ake sawa kowane karo, zoben ne ake maimaitawa.

Ka cire kai da wutsiya da fukafukai, ka kankare ɓawon, ka wanke da ruwan sanyi. Ƙaya a bar ta, wutar zata maida ta laushi har ka murje da yatsa, kuma ita ce mai gina ƙashi. Fata ra'ayi ne, ni ina bari dan man yana ƙarƙashinta. Ka yanka gunduwa daidai tsayin kwalba, ka cusa ɗanye, gefen fatar na kallon gilashi, ka danna sosai kar a bar rami, amma ka bar inci ɗaya tsakanin kifin da bakin kwalba. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita, in kana so, shi na ɗanɗano ne kawai ba shi ke tsare kifin ba. Ruwa kuwa ko ɗigo, kifin zai fidda nasa romon. Ana iya jefa ɗan yankan attaruhu ko tafarnuwa ko garin barkono kaɗan, amma kar ka maida ta miya, ba fulawa ba kayan kauri, dan suna hana zafi ratsawa. Sai ka jiƙa tishu da ruwan khal ka goge bakin kwalbar tas, man kifi ko ɗan ɓawo ɗaya ya isa ya hana marfi kamawa. Ka ɗora marfi ka murɗa zobe da yatsu har ya tsaya, kar ka sa ƙarfin damtse, iska na buƙatar hanyar fita.

Ka sa faifan ƙarfen nan mai huji a gindin tukunya, ka zuba ruwa inci biyu zuwa uku, mai ɗumi ba tafasasshe ba tunda kwalaben da sanyinsu, in ba haka ba ka ji tas. Ka jera, in hawa biyu ne ka sa wani faifan a tsakani. Ka kulle marfi, bututun a buɗe, ka ƙure wuta. In tururi ya fara fita da ƙarfi a miƙe sai ka duba lokaci ka bar shi minti 10 cif yana fita. Mutane na tsallake wannan dan gaggawa, alhali iskar da ta maƙale a ciki sai ta sa agogo ya nuna matsi ya kai amma zafin bai kai ba. Bayan minti goman ka ɗora ƙarfen ka toshe bututun.

Matsin zai fara hawa. Mai agogo fam 11 ake so, mai ƙarfen rawa fam 10. Wannan na wanda ke ƙasa ƙasa ne kamar Ankorej da Kenai, in gidanka ya haura ƙafa 1000 daga teku mai ƙarfen rawa sai ya koma 15, mai agogo kuma in ya haura ƙafa 2000 ya koma 12. Sai matsin ya kai sannan ka fara ƙirga, minti 100, ko rabin lita ce ko 'yar ƙaramar duk ɗaya. Ka rage wuta kaɗan kaɗan har allurar ta tsaya waje guda, sannan ka jawo kujera ka zauna, ba zuwa shago ba barci. In matsin ya sauka ƙasa da ƙa'ida ko da a minti na 90 ne, ka maido shi ka sake ƙirgawa daga farko. Eh daga farko, na san da ciwo, ya taɓa faruwa da ni gas ya ƙare a tsakiya sai da na kai asuba. Shi yasa yanzu nake duba silinda kafin in ɗora, kuma nake yin salla kafin in toshe bututu, dan a Yuli magariba sai wajen sha ɗayan dare, in baka tsara ba sai ta riske ka kana gadin allura.

Minti ɗari ya cika ka kashe wuta ka ƙyale ta ta huce da kanta. Kar ka zuba mata ruwa, kar ka ɗaga ƙarfen dan ta yi sauri, hucewar nan tana cikin dahuwar, kuma in ka gaggauta romon zai tsiyaye daga kwalaben. Rabin awa zuwa awa guda take ɗauka. In allura ta koma sifili ka cire ƙarfen, ka ƙara minti 10, sannan ka buɗe marfin ta gefen da baya kallon fuskarka. Ka ɗauko su da abin kama kwalba a miƙe ba karkatawa, zaka ga suna ta tafasa a ciki, ka jera kan tawul nesa da taga, kar ka ƙara murɗa zobe, kar ka kifa su. Daga nan sai ka fara jin ƙas, ƙas, marfi na lotsawa ɗaya bayan ɗaya, wallahi bayan wahalar nan babu kiɗan da ya kai shi.

Ka bar su awa 12 zuwa 24. Sannan ka cire zoben, ka danna tsakiyar marfin, in ya lotsa ciki baya motsi ta kama. Wadda bata kama ba ka sa a firij a ci cikin 'yan kwanaki, ko ka sa a firiza, ko ka sauya marfi ka sake mata minti ɗarin cikin awa 24. Ka wanke jikinsu da sabulu dan zasu yi maiƙo, ka rubuta wata da shekara a marfi, ka ajiye ba tare da zoben ba a waje mai sanyi da duhu inda bazasu daskare ba, gareji mara hita a Janairu fasa su zai yi. An fi so a cinye cikin shekara.

Mai son kyafaffe, wanda gaskiya shi yafi daɗi, sai ya jiƙa a ruwan gishiri ya kyafa sama sama kawai, kar ya kai shi irin bandar Baga, dan tukunyar zata ƙara masa ƙarfin hayaƙi da duhu, in ya bushe da yawa sai ya fito kamar ƙirgi. Shi lokacinsa minti 110 ne a kwalbar rabin lita, kuma ruwan tukunyar ya fi yawa, wajen lita huɗu, ba a ɗumama shi kafin a jera. Babbar kwalba ta lita ɗaya ita ma tana da nata tsarin na minti 160, ni dai bana yinta, in ka buɗe ta yi wa ci ɗaya yawa.

Ranar buɗewa ka fara kallonta. Marfin da ya kumbura ko ya saki, ko ta yi tsartuwa da ka ɓalle, ko wari, ko kumfa na tashi, kar ka ɗanɗana ko a kan harshe, kar ka ba kare ko kyanwa, ka ƙulle ta a leda yadda take ka zubar ka wanke wajen da bilic. Amma wani lokacin zaka ga 'yan ƙyalƙyali kamar fasasshen gilashi a jikin naman, wannan ba komai bane, wani gishiri ne da ke haɗuwa da kansa a kifin gwangwani, ka sa ɗaya a ruwan khal mai ɗumi zaka ga ya narke, gilashi kuwa bazai narke ba. Farin abin nan kamar dafaffen ƙwai da ke taruwa a sama shima daga naman ne.

A gidanmu yawanci sai Nuwamba muke fara taɓa su, lokacin da aka fara jona mota da wayar wuta da daddare dan injin kar ya daskare. Uwargida ta soya albasa da attaruhu da tumatirin gwangwani, ta juye kwalba ɗaya har romon, minti biyar miya ta haɗu a zuba kan shinkafa da wake. Yara kuma sun fi son a murje shi da dafaffen dankali da ƙwai a soya kamar ƙosai. Kwalbar da aka juye a wanke a kifa a kwali, zoben a zarga a igiya bayan ƙofar sito, marfin kuma a huda shi da wuƙa kafin a yar dan kar wani ya ɗauka sabo ne ya sake sawa.